Likitan da Na Tsallake a Goronyo

Laraba: Boyekai zuwa Goronyo

Ana idar da sallar asuba na hau babur daga Boyekai, da ƙunshin tafarnuwa na tsaraba, da ɗan tawul a cikin hijabi. Tawul ɗin nan shi ne dalilin tafiyar. Tun da al'adata ta ɗauke, wani zafi ke taso mini daga ƙirji zuwa ka, gumi ya jiƙa ni sharkaf, barci kuma sai gutsi-gutsi. Duk na daure. Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da nake biya wa matan aure karatu a tsakar gidanmu, aya ta ɓace mini a surar da na haddace tun ina budurwa. Na ƙudurta in ban sami magani ba zan miƙa wa wata ajin, kuma raina bai so ba ko kaɗan.

Asibitin Goronyo na bisa hanyarmu, da likita a ciki, har yabonsa ake yi. Matsalar ɗaya ce: ɗan farina ne. Yaron da ban taɓa kama sunansa ba, shi zan zauna in yi wa bayanin jinin al'ada? Matarsa Sa'adatu ce ta tsegunta mini cewa wata likita mace na zama a Rabah ranar Alhamis. Da muka zo ƙofar asibitin na ja hijabi na rufe rabin fuska.

"Inna, ba nan za ki sauka ba?" in ji mai babur.

"Wa yac ce maka? Tasha za ka kai ni."

Goronyo zuwa Wurno

Ƙaramar mota na samu, an danne mu a baya, warin albasa na tasowa daga but ɗin motar. A shingen sojoji kafin Marnona aka ce kowa ya sauko, nan kuwa zafin ya ga damar tashi. Matar da ke kusa da ni ta ga ina goge wuya.

"Baiwar Allah, masassara ta?"

"A'a, girma na ya zo da kayanshi."

A Marnona na sake mota, kafin azahar ina gidan ƙanwata Kulu a Wurno. Ta dama mini fura, ta saurari labarina, ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, kin ƙetare likitan da kinka haihwa, kina biɗar na mutane. Mi kike tsoro?"

"Yi dariyarki, Kulu. Naki na nan tahe, ki aje tawul."

Alhamis: Rabah

Da hantsi na hau babur, muka ratsa fadamun shinkafa, ƙugu na ba ni labari a kowane rami. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Sa'adatu ba, amma tana rufe ƙofa bakina ya buɗe. Ta auna jinina, ta duba ƙirjina, ta tambaya ko jini ya taɓa daskare mini a ƙafa, ko akwai mai sankarar mama a danginmu, ko an taɓa cire mini mahaifa. Duk na ce a'a.

Ta ce wani sinadari ne jikin mace ke rage yi idan al'ada ta ɗauke, akwai kuma ƙwayar da ke mayar da kaɗan daga cikinsa. Ba kowa ake ba ba, ba a kuma sha barkatai. Za mu fara da mafi ƙanƙanta, in dinga dawowa awo, in na ga jini in zo ba jira.

"Karatun fa, ɗiyata?"

"Ba ni yi miki alkawali, Inna. Amma in barci ya dawo, sau da yawa kai na dawowa."

Ta rubuta maganin, ta ce sai a Sakkwato ake samunsa. Har na miƙe sai ta ƙara da cewa, "Likitan Goronyo ya kira ni shekaranjiya. Yac ce wata malama za ta zo daga Boyekai, in dube ta da kaina, kar in turo mishi ita."

"Ya hwaɗi sunana?"

"Na tambaye shi, sai yay yi shiru."

Na koma na zauna. Kunya ta rufe ni, tausayinsa kuma ya cika mini zuciya. Ashe duk rufe fuskar da na yi, shi ya shirya hanyar.

Komawa gida

Ban ɓata lokaci a Wurno ba, don direbobi ba sa son yamma ta same su a hanya. Bayan la'asar na shiga gida, na tarar da ɗan farin nawa a zaure. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Inna, an dawo lahiya?"

"Lahiya lau."

Na wuce ciki. Sa'adatu ta biyo ni da ruwa, ta ce, "Wai gobe za shi Sakkwato, ko akwai saƙo." Na ninke takardar maganin na miƙa mata, ina duban bango.

Ajin na hannuna har yanzu, tawul kuma ya koma jikin ƙusa. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Kulu duk da dariyarta, da likitar Rabah, da Sa'adatu. Sai wancan na Goronyo, ya san kansa. Allah Ya yi masa albarka.