Kwas ɗin da Na Je Kaduna

Ranar da aka cire mini nonon hagu, yayana ya tara dangi a barandar asibiti ya yanke hukunci cewa ba za a faɗa wa Inna ba. Ni ina ciki ko farfaɗowa ban yi ba, amma ba a ga dalilin jira na ba, tunda nono kawai na bayar, su kuma su ne da shawara. Hujjarsa ita ce mahaifiyarmu tana da hawan jini, in ta ji kalmar ciwon daji sai dai a haɗa mu gado biyu. Aka tsayar cewa makarantar da nake koyarwa ta tura ni kwas Kaduna. Shekara ashirin ina koyarwa ba a taɓa tura ni ko Batagarawa ba, sai ga shi ina kwance na samu ci gaba.

Sati shida na yi a Kaduna ina ɗakina a Kambarawa. In Inna ta kira waya daga Ƙofar 'Yandaka, sai in ɗaga wa 'yan dubiya hannu su yi tsit, in ba ta labarin garin da rabona da shi tun ina budurwa. Har ruwan sama na sa aka yi a can. Ina ajiye wayar kuma a ci gaba da koya mini magani, domin duk wadda ta shigo likita ce. Wannan ta zo da saiwa a leda, waccan da nonon raƙumi a gora, wata kuma ta zauna ta lissafo mini mata huɗu masu irin ciwona, ta rufe kowane labari da Allah ya jiƙanta. Na gode mata sosai, na ji ƙarfi.

Da ɗinki ya warke, likita ya ce saura kemo, wato maganin da ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa don ya ƙone ragowar cutar. Za a fara ranar Litinin. Wata nas mai saurin magana ta zaunar da ni ta karanto shiri: a auna jini, a duba haƙora, a ci abinci ko ba a so, a guji taron jama'a. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya, da alama ba ta taɓa ganin falona bayan la'asar ba. Sannan ta dubi kaina ta ce gashi zai zube cikin sati biyu ko uku, gara in rage shi tun yanzu.

A nan ne Kaduna ta fara ba ni tsoro. Ina da shekara arba'in da huɗu, da 'ya'ya uku, amma har lokacin Inna ce ke yi mini kitso duk Asabar ta biyu. Ba ta yarda wani hannu ya taɓa kaina. Ana iya ɓoye ƙirji da tsumma da hijabi, na riga na ƙware a wannan. Amma ban san yadda ake ɓoye kan da ba gashi ga mai kitso ba.

Na kai wa yayana matsalar. Ya gyara zama irin na manya, ya ce a ƙara wa kwas ɗin wata shida. Matarsa ta ce a sayo gashin kanti. Na tambaye ta ko Inna za ta kitsa shi ne a kaina ko a cinyarta, ta ce ni dai ba a yi mini gwaninta. Gaskiya haushi nake ji, kuma ba nasu kaɗai ba. Ina tsoron Litinin, tsoro na gaske, kuma mutum ɗaya nake son in faɗa wa haka, ita ce kuma aka hana ni.

Ranar Asabar na cusa tsummana, na sa babban hijabi, na sayi ledar lemu a bakin titi a matsayin tsarabar Kaduna, na tafi. Niyyata in yi kitson ƙarshe in dawo bakina a rufe.

Na same ta a tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, man kitso da tsinke suna gefe, kamar ta san da zuwana. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya.

“Ya mutanen Kaduna?” in ji ta.

“Suna lahiya, Inna. Suna gaishe ki.”

“Ina amsawa. Ashe har sun san ni.”

Na zauna tsakanin ƙafafunta na cire ɗankwali. Kafin ta taɓa kaina sai ta miƙa hannu ta jawo matashi, ta ɗaga hannuna na hagu a hankali ta ɗora a kai. Hannun da ke kumbura tun bayan aikin ke nan. Ta fara tsifa tana tsaki kan kitson da maƙwabciyata ta yi mini.

“Su wa suka yi maki wannan ɓarna? 'Yan kwas ɗin?”

Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar, ta riga ni.

“Ke, rufa mani baki. Tun ran da aka yi aikin gidan nan bai rabu da mutane ba.”

Abin da taron baranda ya manta ke nan. A garinmu ba majiyyaci kaɗai ake dubawa ba, ana zuwa a yi wa uwarsa sannu. Duk wadda ta fito daga gidana sai ta hau Keke Napep ta zarce Ƙofar 'Yandaka don ta cika zumunci. Inna ta ce kowace sai ta zauna ta yi mata ya mai jiki, ta yi addu'a, in za ta tashi kuma ta rage murya ta ce, amma fa Hajiya an ce kada a faɗa maki. Sati shida tana karɓar jaje da rana, da yamma ta kira ni ta tambayi ruwan Kaduna.

“To mi ya sa ba ki ce komai ba?” na tambaye ta.

“Cewa aka yi hankalinki zai tashi in kin san na sani.” Ta ja wani silin gashi da ƙarfi. “Kowa ya faɗa mani. Har mai kawo mana nono ta faɗa mani. Ɗiyar da na haifa ce kaɗai ban ji daga bakinta ba.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, sai na gode wa Allah da na ba ta baya. Ina kallon bangon gidan na faɗa mata. Na kira sunan ciwon, na ce an cire, na ce jibi za a fara kemo. Na ce, “Inna, tsoro nike ji.” Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai lokacin.

Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Ta lakato mai ta shafa mini a kai.

“Sun ce duk zubewa zai yi,” na ce. “Kada ki wahal da kanki.”

“Yau dai akwai shi. Duƙar da kai.”

Na duƙar. Ta ɗora tsinke za ta tsaga, sai tsinken ya goce. Ta sake ɗorawa ya sake gocewa. A karo na uku ta bar tsagar a karkace, ta fara kitsawa.