Muttaka da Gaton Direkta

Wata biyu kacal Muttaka ya yi a Maraɗi, a wani gidan burodi, kuma duk ɗan garinsu Cadawa da ya je ya gan shi ya san aikinsa a can: shara, da ɗaukar faranti daga bakin tanda zuwa tebur. Amma da ya dawo sai ga shi da doguwar farar hula, wai daga yau Shef, wato babban mai girki, za a riƙa ce masa. Kafin nan ya sayar da shayi, ya yi cajin waya, ya yi kiwon zabin da ba su kai sati biyu a raye ba. Gonar gidansu kuwa, ko damina ta faɗi, a inuwa za ka same shi yana koya wa masu dawowa daga huɗa yadda ake noman zamani.

Yayarsa Lubabatu ita ce mai yin gato, wato kek, na gaskiya a garin. Shekara goma tana gasawa a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, tana kai wa masu suna da masu buki, kuma ba a taɓa dawo mata da ko yanki ɗaya ba.

Da direktan lakol, wato shugaban makarantar boko, Malam Ishaku, zai ajiye aiki, malamai suka wakilta Madam Farida ta samo gato mai hawa uku irin wanda ta gani a waya. Wurin Lubabatu ta nufa, Muttaka ya tare ta a ƙofar gida.

"Madam, Yaya Lubabatu hawa ɗaya ta iya. Wannan aikin waɗanda suka yi karatunsa ne."

Ya karɓi aikin, sannan ya koma cikin gida ya lallaɓi Lubabatu ta gasa masa duka ukun. Da ya zo ɗorawa ta ce masa:

"Muttaka, na ƙasa ba zai ɗauki nauyin biyu ba. Samo sabon tsinken tsire, ka yanyanka tsawo ɗaya, ka kakkafa a ciki, ka shimfiɗa kwali mai tsabta, sannan ka aza na sama."

"Haba Yaya! Gaton direkta ne fa, ba naman Habu mahauci ba. A Maraɗi da roba ake yi."

Robar da ya samo ita ce tsofaffin bik na rubutu guda takwas, daga kwandon shara na buron malamai, wato ofishinsu. Wasu duk an tattaune musu gindi. Ko bututun tawadar bai zare ba, wai ai sun ƙare. Ya soke su a cikin gaton, wani dogo wani gajere, ya yanko kwalin sabulu ya ɗora. Abin ya karkace gabas, sai ya cusa gwangwanin sardin a ƙarƙashin faranti, ya lafta farin kirim ya rufe komai. Lubabatu ta kalli abin, ta ɗauki tukunyarta ta shige ɗaki.

Watan Afrilu ne. Tun azahar aka ajiye gaton a kan tebur ƙarƙashin rumfar kwano, aka shiga jawabi, wannan ya tashi wancan ya zauna, fiye da awa biyu. Muttaka na tsaye a gefen tebur da hularsa, yana gyara tsayuwa duk lokacin da wani ya ɗaga waya. Bai ma lura ba kirim ya fara tsiyaya, jajayen ɗigo suna fitowa a jikin hawan ƙasa.

Aka miƙa wa direkta wuƙa. Ya danna, ta tsaya cak. Ya ƙara ƙarfi, hawan sama ya sulale ya kife a kan tebur. Tsohon ya sa yatsa biyu ya zaro bik, ya ɗaga shi sama kowa na gani. Cikin gaton ja da shuɗi sun bi ko'ina, ga ƙanshin sabulu ya cika rumfar.

"Kala ce, ranka ya daɗe," in ji Muttaka. "Haka ake yayi yanzu."

Malam Ishaku ya dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana, shekara talatin ina gyara kayen ɗalibai, littafi bayan littafi, da wannan jar kalar. Ban taɓa jin an ci ta ba."

Madam Farida ko kallon Muttaka ba ta yi ba. Ta hau kabu-kabu ta tafi wurin Lubabatu, kafin magariba ta dawo da roba biyu cike da fanke mai zafi. Da shi aka yi wa direkta ban kwana. Gaton kuwa aka zuba shi a bayan aji, awaki suka shinshina suka wuce.

Muttaka bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ran farko laifin rana ne. Washegari laifin masu dogon jawabi. Daga baya ya ce Lubabatu ce ta gasa shi da laushi da gangan, don baƙin ciki. Da maganar ta kai kunnenta sai ta ce ya daina shigar mata madafi, ta sa wa akwatin kayan aikinta kwaɗo.

Yanzu duk ranar kasuwar Gangara yana can, ya baza tabarma yana gyaran fitilar sola. Makon jiya wata makiyayiya, Habsatu, ta kawo masa tata mai ɗan rage haske. Ya buɗe ta, ya yi mata bayani mai tsawo game da wayoyin ciki, ya mayar ya ɗaure. Ta danna, ko ƙyas.