Mai kukan rana a motar neman aure

Muna daidai Ƙofar Taramniya faifan ya sake tashi. Motar abokina ce, daga Kwatano ya sayo ta da faifan wasu mawaƙan Denmark maƙale a ciki, ba ya fita, ba ya kashuwa.

Kusa da ni kuwa Kawu Malam ne, mutumin da ko kiɗan talla ba ya saurara, zai je nema mini aure. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce a sauke shi.

Sai ya ce, "Wanga yaro mi yaka ma kuka?"

Na duba waya. "Kawu, wai begen rana yake yi. Ƙasarsu sai a yi watanni ba ta fito sosai ba, a kanta suka yi faifan. Har yabo suka sha."

Kawu ya share zufa da bakin rawani. "Rana dai? Wagga tamu? Ƙyale shi, bawan Allah yana cikin jarrabawa."

An ba ni matar. Wajen addu'a, in ji abokina, Kawu har ya roƙa wa mutanen Denmark rana. Surukina ya ce, "Amin, su zo su kwashi tamu."

Abin da ya ishe ka, wani kuka yake a kansa. Sakkwatawa, wa ya san yadda ake aika musu ranar?