Ranar da Wuta Ta Gaza Jirgin Raguna

A shekarun da nake aikin wuta a mina, tashar jiragen ruwa ta Jidda, idan jirgi ya tsaya mu ke ja masa kebur daga akwatin wutar da ke bakin gaɓa, ya kashe janaretonsa ya huta.

Ana dab da Layya, cikin tsananin zafi, wani jirgin raguna ya iso daga Sudan. Wani jirgin ya riga ya tare masa wuri, sai aka ajiye shi can nesa da akwatin. Muka yi ta ƙara kebur a kan kebur har ya kai. Raina bai kwanta ba, don wuta idan ta yi doguwar tafiya a gajiye take isowa.

Injiniyan jirgin wani dattijo ne, Bahaushen Sudan. Da ya ji Hausa a bakina ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ɗana, janareton nan tun tsakiyar teku yake tari. Ka ba ni wuta in buɗe cikinsa."

"Baba, nisan ya yi yawa."

"Yalla, ba ni kawai, Allah na nan."

Na ba shi, ya kashe injinsa. Fitilu suka yi ja. Manyan fankokin da ke hura wa dabbobi iska a cikin jirgin suka koma gurnani, suna juyawa da ƙyar. Na duba mita, allura sai ƙasa take yi. Na taɓa kebur na janye hannu, kamar na taɓa tukunya.

Na leƙa ƙasan jirgin. Raguna maƙil, bakuna a buɗe, babu mai kuka, haki kawai. Wari da hucin wurin suka koro ni.

"Baba, ta da injinka!"

"Na riga na kwance shi, wallahi!"

Na rasa inda zan tsaya. In hau, in sauko, in koma wajen mita. Muka kashe duk abin da ba fanka ba, har firjin kicin da na'urar sanyin kyaftin ɗin jirgin, shi kuwa yana ta faɗa da Larabci. Ni da abokan aikina muka jawo kebur na biyu a kafaɗa, muna tuntuɓe, muka jera shi da na farko don su raba nauyin wutar.

Fankoki suka ɗauka. Can sai wani rago ya yi kuka, sauran suka amsa.

Duk da haka wasu sun mutu, na can lungu. Dattijon ya tsaya ana fito da su, hannunsa baƙi ƙirin da mai, yana ta salati. Ya ce in zauna in sha shayi. A tsaye na sha, idona na kan mita.