Hotunan Inna da Na Sa Aka Goge

Akwai abin da ko ƙwaƙwalwata ta fara zubar da komai ba zai fita daga cikinta ba, shi ne abin da na yi wa hotunan mahaifiyata da hannuna.

Inna ba ta yarda da kyamara ba. Ko a biki aka ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta juya baya. Amma ranar sunan 'yata ta fari, a gidanmu na Rijiyar Lemo, ta ce a kira mai hoton ya shigo ɗakinta, tana so a ɗauke ta da takwararta a cinya. Mai hoton wani Inyamuri ne mai shago a Sabon Gari, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Tun da ya shiga ɗakin nake tsaye a bakin ƙofa ina kallon hannunsa, don ni mutum ne mai zargi, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan wayo.

Bayan mako guda na je karɓar aiki. Ya ba ni hotunan tsakar gida a wanke, sun yi kyau, amma babu na Inna ko ɗaya. Ya ce ɗakin ba haske, sun fito da duhu, sai dai kada in damu, domin ya ɗauke su a matsayin ɗanyen hoto, wanda su a sana'arsu suke kira raw. Irin wannan, in ji shi, kyamara tana ajiye duk abin da ta gani ba tare da ta rage komai ba, don haka in na ba shi kwana biyu zai fito da fuskarta tas.

Ni abin da na ji kawai shi ne hotunan matan gidanmu za su ƙara kwana biyu a kwamfutar wani ƙato. Na ce sam. Ya zuba mini komai a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake sakawa a jikin kwamfuta, na ce ya goge nasa a gabana, har da na katin kyamarar. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba kowace manhaja ce take buɗe waɗannan ba. Ka ajiye filash ɗin, ranar da ka samu lokaci ka zo mu gyara tare, kana zaune." Na ce na ji. Ya goge, ina ƙirga su da ido suna ɓacewa, na fito ina jin na kare mutuncin gida.

A shagona na atamfa da ke Fagge akwai kwamfuta da nake ɗan gyara hotunan kaya da ita kafin in tura wa kwastomomi. Na saka filash. Sai ga wasu fararen abubuwa a jere, ba fuska ba launi, kowanne ya fi hoto goma nauyi. Na danna, manhajar ta ce ba ta san wannan fayil ba. Na gwada a waya, haka. Nan zuciyata ta fara saƙe-saƙe: ashe bai ɗauki komai ba, ko ya lalata aikin, shi ne ya haɗa mini Turanci ya sallame ni. Maƙwabcin shagona, wanda ya fi ni zargi, ya leƙo ya ce ai wannan bairos ne, cutar kwamfuta, haka ya cinye wa ƙaninsa kwamfuta. Ban nemi ra'ayin wani mai ilimin abin ba, domin na riga na samu wanda ya faɗi abin da nake son ji. Na goge duk abin da ke cikin filash ɗin tas, na ci gaba da zuba hotunan atamfa a ciki.

Ba a yi wata biyu ba Inna ta kwanta, kwana uku Allah Ya karɓi abarsa. Bayan sadakar bakwai ƙanwata ta tambaye ni hoton nan na ɗaki.

Na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, kuma a hanya na kama kaina ina wata addu'a mai ban kunya: Allah Ya sa mutumin nan maha'inci ne kamar yadda na zarge shi, Ya sa ya ɓoye kwafi. Ya yi mini ta'aziyya, ya karɓi filash ɗin, ya shafe kusan awa yana ƙoƙarin tono abin da na goge. Bai samu komai ba, hotunan atamfofina sun riga sun hau kansu. Don in gane, ya buɗe wani ɗanyen hoto nasa a manhajarsa, baƙi ƙirin, ya ja wani ɗan layi, sai ga fuskar wani tsoho ta fito har da furfurar gira.

Na sassauta murya na ce, "Oga, don Allah, ko ɗaya ba ka rage ba? Wallahi ba zan ji haushi ba."

Ya girgiza kai. "Ka ce in goge, Malam. Mamarka ce. Ba zan yi maka ƙarya a kanta ba."

Ban taɓa jin zafin gaskiyar mutum irin na ranar ba. 'Yata yanzu tana makaranta, tana tambayata kamannin matar da aka sa mata sunanta, ni kuma sai in yi ta kwatance da baki. Abin da na koya shi ne, in abu ya ƙi buɗe mini, ba lallai ne fanko ba ne, wataƙila kayan aikina ne ba su kai ba. Kuma kafin in yanke wa mutum hukuncin cuta, gara in fara tambayar kaina ko ni ne ban sani ba.