Tuwon Bikin Da Ya Tsinke Min Jijiyar Hannu

Ni ce matar babban wa a wani babban gida da ke kusa da Dutse, kuma a wancan lokacin duk tuwon biki ko na suna ni ke tuƙa shi. Ina alfahari da hakan, don tuwona ba ya gudaji. Sai wuyan hannuna na dama ya fara kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ya lafa, ya sake dawowa. Man zafi kawai nake shafawa.

Ranar bikin 'yar ƙanwar mijina na tashi da hannun a kumbure. Na nuna wa ƙanwar mijin nawa, uwar amarya, na roƙi a ba wata muciyar. Ta ɗaga hannun nawa a gaban mata tana shela wai tsufa ya zo da son jiki, wai idan na gaji da gidansu in faɗa. Aka kwashe da dariya. Wasan dangin miji ne, ba a fushi da shi, sai na haɗiye kukana na kama muciya. Tuwon ya fara tauri ke nan na ji wani abu ya tsinke a bayan hannuna. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka sunkuya, suka ƙi miƙewa. Ƙanwar mijina ko kallona ba ta yi ba, cewa ta yi a karɓa kar tuwo ya kama.

Mijina ya kai ni wurin mai ɗori, ya ja yatsun har na suma, ya ɗaure da kara. Sai da damina ta wuce aka kai ni asibiti a Dutse. Likita ya ce wasu 'yan ƙwayoyi kamar gishiri ne suka taru a gaɓar, suka yi ta cin jijiyoyin da ke ɗaga yatsu har suka tsinke, kuma jinkirin ya sa aikin tiyatar da aka yi min bai gyara komai da komai ba.

Har yau abin yana min ciwo a rai. Na gane kunya ce ta cuce ni, don na fi jin tsoron dariyarsu da ciwon jikina. 'Yan uwana mata, gaɓar da ke kumbura tana komawa, ku kai ta asibiti, kome za a ce a ce. Cikin matan da suka yi dariyar nan babu wadda ta zo duba ni, yanzu ma idan za su kwatanta gidana cewa suke yi gidan mai yatsu uku.