Man Birkin da Na Zuba wa Motar Kaka

Ranar Asabar ta farko bayan babbar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Kaka ya riƙe hannuna muka fito daga lungunmu na Sheshe, ƙanshin soyayyen nama bai ma bar rigata ba. Muka taka har wajen Ƙofar Ɗan Agundi, inda yake da wani garejin kwano, don lungunmu ko amalanke sai ta karkata take wucewa. Ya buɗe kwaɗo, ya yaye tamfol, sai ga wata doguwar mota ruwan toka a kwance, cikinta ya kusa taɓa siminti. Na ce, "Kaka, ai tayoyinta sun sace." Ya ce, "Tsaya ki gani, amarya." Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ya murza mukulli, motar ta yi gurnani, sai bayanta ya fara ɗagawa a hankali, sannan gabanta, kamar raƙumi zai miƙe. Na kurma ihu na ɓuya a bayan wani dogon mutum mai baƙin mai a farce, yana ta dariya har hularsa ta karkace. Shi ne Malam Iro, bakanike, aminin Kaka tun suna samari.

A kan wannan motar na ɓata sunan Malam Iro, na kuma yi shiru shekara goma sha huɗu. Sai makon jiya na iya faɗa. Zan faɗi abin daidai yadda ya faru.

Kaka fataucin fata da ƙirgi ya yi, tsakanin Kano da Damagaram, kuma a can ya samo motar a hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. Labarinta na ji shi ya fi sau ɗari. A Faransa aka ƙera ta, amma injinta daga Italiya aka kawo. Ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci, da fitilu shida a bayan gilashi, biyu daga ciki suna juyawa duk inda sitiyari ya juya. Ba don kasuwa ko ɗaukar kaya aka yi ta ba, sai don masu hali da ke son yin doguwar tafiya daga birni zuwa birni ba tare da bayansu ya yi ciwo ba. Shekaru kaɗan aka yi ana ƙera ta, sai fetur ya yi tsada a duniya, masu saye suka ja baya, kamfanin ya daina. Kaka yakan shafa bayanta ya ce, "Ta zo duniya a lokacin da bai dace da ita ba." Abin da ya bambanta ta da duk motocin Kano shi ne a kan mai take tsaye, ba a kan ƙarfe ba. Wani koren mai ne yake ɗaga ta, shi yake riƙe birki, shi yake sassauta sitiyari. Ba a samunsa a kasuwanninmu, sai direbobin Nijar su kawo wa Kaka gwangwani ɗaya ko biyu.

Daga ranar na zama 'yar gareji. Asabar da sassafe sai in yi sauri in share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya in cika randunan Inna, in wanke kwanukan koko, in bar 'yan gidanmu su Hafsatu suna carafke a ƙofar ɗaki in bi Kaka. Aikina goge ƙura da tsumma da riƙe mazurari in za a ƙara mai. Malam Iro ya sa mini suna Direba. Su biyun sai su shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, su raba goro ɗaya, su yi ta musu a kan wa ya fi wani tsufa. "Kai da aka yi wa kaciya ina kallo," in ji Kaka. "Kallo daga bayan uwarka, a goye," in ji Malam Iro. A makaranta kuwa, lokacin tara, ina tara 'yan ajinmu a gindin darbejiya in durƙusa in miƙe, ina nuna musu yadda motar kakana take tashi. Babu wanda ya yarda, har sai da na kawo mutum uku suka gani da idonsu.

Shekara ta zagayo, ina aji biyar. A wani mako Malam Iro ya yi wa motar gyara na kwana biyu. Ranar Asabar aka kira azahar, Kaka ya tafi masallaci ya bar ni ina goge fitilu, bonet a buɗe. Na leƙa tankin koren man, na ga kamar ya yi ƙasa. Na girgiza gwangwanin koren man, babu komai. A kan kantar garejin kuwa ga wani gwangwani na man birki, wanda Malam Iro ya ajiye don motar Kawu Nasiru, ƙanen babana. A raina na ce mai dai mai ne, kuma ai wannan ma na birki ne. So nake Kaka ya dawo ya ce amarya ta iya aiki. Na sa mazurari na tuttula, na goge bakin tankin, na mayar da gwangwanin inda yake. Da ya dawo sai na ji kunyar yabon kaina, na yi shiru.

Bayan 'yan makonni motar ta fara zubar da mai. Robobin da ke cikinta duk suka kumbura suka ruɓe, abin da ban san man birki yana yi musu ba. Wata Asabar Kaka ya murza mukulli, injin ya tashi, ita kuwa ta ƙi ɗagawa. Ya tsoma yatsa a tankin, ya duba launin, ya sunsuna. Ina tsaye da tsumma a hannuna ya juya ya dubi amininsa ya ce, "Iro, kai da ka fi kowa saninta?" Bai ɗaga murya ba. Malam Iro ya dubi yatsan, ya dubi kantar da yake ajiye gwangwanaye. Ya sa takalminsa ya tafi. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina, amma na haɗiye ta.

Ba a sake shimfiɗa tabarmar nan ba. Suna gaisawa in sun haɗu a ɗaurin aure, gaisuwar da ba ta wuce "lafiya lau". A unguwa aka riƙa cewa Iro ya tsufa, ido ya tafi, masu kai masa mota suka ragu. Na gama firamare, na shiga sakandare, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Kaka ya rasu ina aji biyar na sakandare. Ranar jana'iza na hango Malam Iro ta tagar soro, a sahun ƙarshe, shi kaɗai.

Makon jiya Kawu Nasiru ya ce wani mai tara tsofaffin motoci zai ɗauke ta, kuma ba wanda ya san yadda za a fitar da ita ba a kankare cikinta ba sai Malam Iro. Mukullin garejin yana wurina, don haka ni na je buɗewa. Ya zo da sanda, ya rame, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ya ce wa Kawu, "Nasiru, ka nemi wani. Hannun da ya kashe ta ba zai sake taɓa ta ba." Sai na ji muryata ta fito ba da shawarata ba. Na durƙusa na ce, "Baba Iro, ni ce. Ni na zuba man birkin, Kaka yana masallaci."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zagi zai yi, da ma na shirya masa. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ce, "Direba, ke ce?" Na ce ni ce. Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina tambayar kaina yadda aka yi na ɗauki wancan gwangwanin. Har na yarda ni ne. Daga ranar ban ƙara zuba mai a motar kowa ba sai na kira wani ya duba mini." Kawu ya fara faɗa, Malam Iro ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar ta, yarinya ce a lokacin. Da ta faɗa, ko mari Alhaji ba zai yi mata ba. Ni ma da na tsaya na ce ba ni ba ne, da ya saurare ni. Zuciya ce ta ɗebe mu, mu biyu." Sannan ya ce abu ɗaya yake so, in maimaita maganar a soron gidanmu, gaban iyayena maza. Na maimaita bayan la'asar, ban rage komai ba. Ranar Juma'a ya ce wa Kawu ya raka shi maƙabarta, yana da magana da abokinsa.

Yanzu layin garejin ya cika da shagunan waya, motoci kuma duk kamarsu ɗaya, ba wadda yaro zai tsaya ya kalla. Tsofaffin da suke zama su yi wa juna tsiya tun hantsi har azahar sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuma biyu daga cikinsu ni na raba su tun da sauran lokacinsu. Malam Iro ya samu sunansa. Kaka ne ya tafi bai ji ba.